Ƙishirwar Babikir

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara. Wuta kuma tun ranar da aka ga wata ta yi mana sallama, ƙanƙara ta zama sai mai hali. Jiya da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida da jiƙaƙƙen tawul a ka, sai ga mai ruwa ya turo kurarsa cike da jarkoki. Gumi ya fita a jikinsa har ya bushe ya bar gishiri a riga, leɓensa ya yi fari fat. Na ce, "Sannu malam, da azumi a bakinka?" Ya ce, "To ya za a yi." Ya sauke mana namu ya wuce. Ni kuwa na kasa tashi in shigar da jarkokin, don Babikir ya faɗo mini a rai, kuma in ya faɗo ba ya saurin fita.

Shekarar 2014 ke nan, a Alƙahira. Ina karatun fiƙihu, saura mini shekara guda in gama. Muna haya a unguwar Abbasiya, hawa na shida a wani tsohon bene da ba shi da lif, ɗaki ɗaya ni da shi. Babikir Bahaushen Sudan ne, ɗan garin Mai Wurno. Kakansa ya bar ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi hajji, hanya ta riƙe shi a bakin kogin Nilu, can ya haihu, can ya mutu. Hausar Babikir irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai ka ji kamar kakarka ke ba ka labari, sai kuma ya ɓata ta da "ya zol", yadda 'yan Sudan ke kiran mutum. Da katin 'yan gudun hijira yake zaune a Masar, ya shekara da shekaru yana jiran wata ƙasa ta karɓe shi, shiru kake ji. A Sudan baƙo ake ce masa, a Masar baƙo, Najeriya kuwa bai taɓa taka ta ba. Yana gyaran fanka da rediyo da dutsen guga a wani ɗan shago bayan tashar mitro, kuma hannunsa akwai albarka.

To wannan bawan Allah ne ya ce shi ɗan sama jannati zai zama. Wani kamfani a ƙasar Turawa ya yi shela a intanet cewa yana neman mutane daga ko'ina, za a horar da su a kai su duniyar Mars su zauna. Ba a ce sai ɗan ƙasa kaza ba, abin da ya fara jan Babikir ke nan. Ya nema, aka yi tankaɗe na farko, sunansa bai faɗi ba. Abin da ya rage shi ne gwajin likita bayan ƙaramar Sallah. In likita ya duba shi daga kai har ƙafa ya ce jikinsa garau ne, a ci gaba da shi. In an sami ko ɗan ƙaramin aibi, shi ke nan, ya koma layin jira.

Na ce masa, "Babikir, ka karanta da kyau kuwa? An ce fa tafiyar ba dawowa."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ya zol, in dawo ina?"

Ban sake kawo masa wannan maganar ba. Tsiya dai na ci gaba da yi masa, ina kiransa Alhaji Sama Jannati, ina ce masa in ya isa ya duba mana alƙibla ya aiko. Daga baya ma na ji kamfanin ya watse, ko ƙusa bai taɓa aikawa sama ba. Amma a lokacin ba mu san haka ba, kuma da mun sani ba na jin zai fasa.

Ya karance yadda ake horar da 'yan sama jannati kaf, ya haddace, ya dame ni da shi safe da yamma. Wai akwai wata na'ura da ake ɗaure mutum a ciki ta yi ta juya shi kamar majajjawa har nauyinsa ya ninka, numfashi ya gagara. Wai ana sa musu wata ƙatuwar riga a tsunduma su cikin tafki su wuni suna kwance ƙarfe suna ɗaurawa a ƙarƙashin ruwa. Akwai jirgin da ke hawa ya sulmiyo, su yi ta yawo a cikinsa ba nauyi suna amai. Ana koya musu Rashanci, ana kai su daji ko hamada a yar da su a ga ko za su rayu. Duk wannan Babikir ya ce zai yi abinsa a ɗakinmu, da abin da Allah ya hore.

Ya sayo wata tsohuwar kujerar ofis mai juyawa a wurin masu kura da ke bin layi suna sayen tarkace. Ya zauna ya rufe ido, ni ne mai juyawa. Ya samo safar hannu ta masu walda, mai kauri, ya sa ta ya kwance fanka ɗai-ɗai ya mayar, don wai a can sama ba a aiki da hannu tsirara. Ni ina gefe ina maimaita babin tsarki, shi yana gefe yana maimaita Rashanci daga waya, in ka tsaya a bakin ƙofa sai ka rantse gidan mahaukata ne. Gadonsa kuwa bulo ya jera a ƙarƙashin ƙafafun ƙarshe, kai ya yi ƙasa, ƙafa ta yi sama. Ya ce a sararin samaniya ruwan jiki ba ya sauka ƙasa, kai yake taruwa, fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance. Masana ma haka suke kwantar da mutane don jiki ya ɗanɗana.

Ana cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar zafin Masar. Zafin Alƙahira ba irin namu ba ne. Namu ana sa masa ran ƙarewa, hadari ya haɗo, iska ta kaɗa, ƙasa ta yi ƙamshi. Can kuwa ka ɗaga kai ka nemi gajimare ka rasa. Bango ya sha rana wuni guda ya yi ta amayar da ita cikin ɗaki, katifa ta yi ɗumi, ruwan famfo ya fito kamar an ɗora shi a wuta. Ga rana doguwa, ka yi sahur ido bai gama buɗewa ba, ka jira magariba har ka fara zargin ladan. Gari kuma ba daɗi tun rikice-rikicen shekarun nan, sojoji a kan hanya, baƙar fata irinmu in ba dole ba ba ya nisa da gida.

Tallafin karatun da nake jira daga gida bai iso ba, shagon Babikir ma ciniki ya ja baya. Abincinmu bai wuce ful, wato dafaffen wakensu, da burodinsu mai faɗi da suke kira aish. Ranar da muka ji daɗi mu tuƙa tuwon shinkafa da mulukiyya, wadda ba komai ba ce illa lalonmu na gida da ya yi karatu. Ni ke zuwa layin burodi bayan azahar, shi ke girki, wanke-wanke kuma mu yi ta cacar baki a kai. In abin ya ƙure mu sauka mu zauna a teburan sadaka da masu hali ke jerawa a bakin titi, mu ci tare da direbobi da masu shara. A gaskiya Misrawa ba su da rowar buɗa-baki, wannan kam ba zan ci amanarsu ba.

Rana ta biyu da azumi na juya shi a kujera da hantsi, ya sauko ya kelaya amai a bokiti. Na gyara zama na ce, "Malam, ka san dai in ka hau za ka yi amai, ka kuma hau. Wannan ganganci ne, sai ka rama." Ya ce, "Haba Sa'idu, ai amai ne ya rinjaye ni." Na ce, "Kujera ce ta rinjaye ka, kuma kai ka saye ta." Muka yi dariya har ciki ya ƙulle, aka mayar da kujera bayan sallar asham. Ina jin wannan ce fatawa ta farko da na taɓa bayarwa a rayuwata.

Sai batun wuta. Mu da muka baro Najeriya muna murna mun rabu da ɗaukewar wuta, sai ga ta ta biyo mu har Masar. A wannan shekarar a ɗauke da safe, a kawo, a sake ɗaukewa, har maƙwabta suna tambayata yadda muke yi a ƙasarmu. In wuta ta tafi, injin da ke tura ruwa saman bene ya tsaya. Famfo ɗaya ke zuba, na ƙasa, kusa da ɗakin Ammu Ragab mai gadin gidan. Kowa sai ya sauko da jarka ya bi layi, mata da yara da tsofaffi, ana haki ana zagin masu wuta.

Babikir ya ga wannan ya ce Allah ya kawo masa filin horo har gida. Ya ɗauki jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ya haura, ya sauko, ya sake haurawa. Namu ya cika, ya koma na Hajja Nawal, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a saman mu. Daga nan na mai jegon hawa na huɗu, daga nan na duk wanda ya miƙo jarka. Matakalar benen nan ba taga, duhu, zafi, warin magudana, kana jin numfashinsa tun daga hawa na biyu. Ammu Ragab ya zauna a kan bencinsa yana ce masa, "Yalla ya kaftin!" wato maza-maza kaftin. Hajja Nawal ta yi ta sa masa albarka, tana aiko mana da ɗan abin zaƙi in an sha ruwa. Gidan nan kaf suka so shi, mutanen da a da ko sallamarsa da ƙyar suke amsawa.

A nan ne ya kawo wata dabara da ba a littafin kowa ya gani ba. Ranar muna zaune an kira magariba, na ɗaga gora na kafa kai, shi kuwa ya zuba ruwa a ɗan kofin shayi, irin ƙaramin nan na gilashi, ya sha, ya kife kofin.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Wani kuma sai sahur."

Ya ce ya karanta cewa a cikin kumbo ruwa a aune yake, har fitsari ake tacewa a sake sha, kuma in aka yar da su a hamada ɗan kaɗan ake ba su. "Turawa sai an koya musu ƙishirwa, ya zol. Mu kuwa tun muna yara muke yin ta wata guda duk shekara. Nan ne na fi su. In na ƙara matse ta, jiki ya saba, wa zai kama ni?"

Na ce masa azumi da rana aka ce, ba a ce mutum ya haɗa da dare ba, kuma addini bai yarda ka cuci jikinka ba. Ya ce ai ya sha, ya cika sunna, in kawo masa inda aka faɗi girman kofi. Kai, Babikir akwai taurin kai! Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce zan daina juya kujera, ya ce zai juya kansa. Kuma maganar gaskiya, a ƙasan raina ni ma na ɗauka akwai ƙamshin hujja a zancensa, don duk mun taso muna jin cewa goman farko ce mai wuya, daga nan jiki ya saba. Ciwon jiki kuwa da ya dame shi saboda hawan bene, sai ya sayo ƙwayoyi a kantin magani yana haɗiya da wannan ɗan kofin na sahur.

Goma ta tsakiya ya rame, ya yi baƙi, idanu suka faɗa, amma yana ta haurawa da jarkoki. Da aka shiga goman ƙarshe sai abin ya juya. Wata rana na shiga banɗaki bayansa, ba ruwan korawa, na ga abin da ya bari ja-ja-ja kamar zoɓo. Na fito na tambaye shi, ya ce rana ce, kowa ma nasa haka yake. Bayan 'yan kwanaki kuma ya daina shiga banɗakin gaba ɗaya, har yana yi mini alfahari wai jikinsa ya koyi tattali, ba ya zubar da komai.

Sai fuska ta fara cika. Wata safiya ya tashi daga gadon nan nasa mai gangare, idanu sun yi luhu-luhu, kumatu sun taso. Ya tsaya gaban ɗan madubinmu ya daɗe, sannan ya juyo yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya buɗe waya ya nuna mini hoton wani ɗan sama jannati a cikin kumbo, ya kara ta kusa da kuncinsa.

"Duba nan, Sa'idu. Duba fuskarsa, duba tawa. Bulo ya yi aiki!"

Na duba, wallahi sun yi kama. Na ce, "Amma ai ka ce ƙafafu sirancewa suke yi, naka ga su kamar turmi." Ya ce wannan na hawan bene ne, zai saɓe. Ya sauka ya nuna wa Ammu Ragab, shi ma ya tafa masa ya ce tamam, madalla, kaftin ya yi ƙiba. Kumburin da ya kamata ya kai mu asibiti a guje, shi muka zauna muna yi wa barka har aka ga watan Sallah.

Ranar Sallah bai iya sa takalmi ba. Na tafi idi ni kaɗai, na dawo na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da kujerar nan, yana numfashi sama-sama, bakinsa na wani irin wari, yana yi mini magana rabi Hausa rabi abin da ban gane ba. Ni da Ammu Ragab muka sauko da shi, mutumin da ya yi wata guda yana haurawa da ruwan gidan nan kaf. Hajja Nawal ta leƙo daga sama tana salati. Muka sami tasi da ƙyar muka nufi asibiti.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ta manyanta, ga alama ita ma ba ta so aikin ranar Sallah ba. Aka ɗebi jini, aka dawo da sakamako, ta tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ba ta labari tiryan-tiryan, da jarkoki, da ɗan kofi, da ƙwayoyi, da Mars. Ta cire tabarau ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Waɗanda kake kwaikwayo likita na tsaye a kansu, ana tilasta musu shan ruwa. Wa ya ce maka ana horar da ƙoda da ƙishirwa?"

Babikir ya ce, "Daktora, ina da gwaji bayan Sallah. Zan warke kafin nan?"

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana. Bari mu ga ka kwana tukuna."

A ranar aka fara yi masa wankin ƙoda. Da farko sun ce wataƙila ƙodojin su farfaɗo, ana ganin haka. Muka jira mako, muka jira wata, muna ta addu'a, ɗalibai 'yan uwanmu suka yi masa saukar Alƙur'ani. Ba su farfaɗo ba. An makara da kawo shi, in ji likitar. Lokacin gwajin ya zo ya wuce, bai ko buɗe saƙon kamfanin ba. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin wankin, ya zama duk bayan kwana biyu sai ya je an jona shi da inji. Mutumin da ke shirin barin duniyar nan ɗungurungum ya koma ko birnin Iskandariyya da ke cikin Masar ɗin ba zai iya zuwa ya yi mako ba. Ya bar hawa na shida, Ammu Ragab ya ba shi wani lungu a ƙasa kusa da famfo. Kuma tunda jikinsa ba ya fitar da ruwa, likita ta ƙayyade masa abin da zai sha a wuni, ɗan kaɗan, ba na wata guda ba, na har abada.

Na gama karatu a shekarar da ta biyo. Bai daɗe sosai ba bayan na dawo gida, wani ɗalibi ya bugo mini ya ce an yi jana'izarsa, Allah ya ji ƙansa. Na yi kuka, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake, ban ma san da wa nake fushi ba. Amma ba ranar da aka bugo wayar ce ke dawo mini ba. Ranar da na je yi masa sallama ce.

Ranar wankinsa ce, don haka a asibiti na same shi, kwance, jininsa na bin roba yana shiga inji yana dawowa. Jakata na wurin Ammu Ragab, jirgina da yamma. Muka yi 'yar hira, na ce zan nemi danginsu na can gida in Allah ya yarda, ya ce in bar wahalar da kaina, ko sunan garin bai tabbatar ba. Ya lashi busasshen leɓensa.

Can ya ce, "Sa'idu, ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba Mars ba ne."

Na ce, "Mene ne?"

"Na ce na fi kowa iya ƙishirwa. To ga ta an ba ni, kuma wallahi ban iya ba. Kullum kamar ranar farko."

Akwai gorar ruwa a hannuna da na saya a hanya, mai sanyi, har tana raɓa, tun shigowata nake ɓoye ta a bayan kujera. Ashe ya gani.

Ya ce, "Fito da ita. Sha in gani."

Na ce, "Haba Babikir."

"Don Allah, ya zol. Kada ka yi sauri."

Na buɗe na kafa kai. Na sha a hankali yadda ya ce. Ya bi wuyana da ido, yana haɗiyar busasshen yawu duk lokacin da na haɗiya, har gorar ta ƙare. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango ya ce in tafi kada jirgi ya bar ni.